Na biya dubu 15 a gyara min rayuwa: zare a kan kocin rayuwa 🧵

1/ Jama'a, cikin satin nan kaɗai mutum uku sun turo min talla iri ɗaya suna tambaya ko su biya. Wani bawan Allah ne sanye da kwat, yana murmushi, wai zai buɗe maka ƙofar nasara cikin kwana 21. Na gaji da amsa wa kowa shi kaɗai, bari in yi zare. Zai yi tsawo, ku gyara zama.

2/ Kafin wani ya ce hassada ce: ni ɗaliba ce, ina shekarar ƙarshe a jami'a. Ba na sayar da aji, ba ni da littafi a kasuwa. Abin da ya ba ni bakin magana shi ne na taɓa biya aka cinye ni, daga baya kuma na zauna da koci ta gaske har sau shida. Na ɗanɗana duka biyun.

3/ Ku tuna yajin aikin ASUU na 2022. Daga 14 ga Fabrairu har 14 ga Oktoba, wata takwas cif muna gida. Ka tashi, ka yi shara, ka riƙe waya, rana ta faɗi. Sa'anninka da suke jami'o'in kuɗi suna sa hoton kammala zango, kai kana nan kamar an dasa ka. Wanda bai yi wannan zaman ba ba zai gane yadda yake cin zuciya ba.

4/ A wata na biyar na ga tallan. Ajin kwana bakwai a WhatsApp, "ka gano dalilin zuwanka duniya". Naira 15,000, amma wai asalin kuɗin 50,000 ne, an yi ragi, kuma kujera goma ta rage. Na haɗa kuɗin da na tara daga sayar da mayafai na tura. Ban faɗa wa Umma ba, don na san abin da za ta ce.

5/ Da aka sa ni a guruf ɗin, mun haura mutum ɗari biyu. Kujera goma fa aka ce. 😅 An rufe guruf, shi kaɗai ke magana. Kullum da safe saƙon murya na minti 20: ka yarda da kanka, ka tashi ƙarfe biyar, ka rabu da masu ja da kai baya, talauci a ƙwaƙwalwa yake. A rana ta uku ya ba da labarin yadda ya taɓa kwana a tasha, a rana ta biyar ya sake ba da shi.

6/ Gaskiya ba zan ɓoye ba, kwana biyun farko na ji daɗi. Jinina ya yi zafi, na sayi sabon littafin rubutu, na rubuta BURINA da manyan baƙi. Amma har aka gama mutumin nan bai san sunana ba, bai san me nake karanta ba, bai taɓa yi min tambaya ko guda ɗaya ba.

7/ Ranar ƙarshe sai ga ainihin hajar: wanda yake so ya "haura mataki na gaba" akwai aji na musamman, 80,000. Wanda ya kawo mutum uku za a rage masa. A nan jikina ya yi sanyi. Mu da muka tashi muna jin labarin MMM a bakin yayyenmu da suka yi asara a ƙarshen 2016, ai mun san warin wannan miyar.

8/ Na ɗauki kusan shekara ina zagin duk wanda ya kira kansa koci. Na yi kuskure a nan ma, kuma shi ya sa nake wannan zaren. Abin yana da asali, yana da tsari, yana da amfani a inda ya dace. Matsalar ita ce sunan ba shi da mai gadi.

9/ Bari mu ɗan koma baya. Kalmar koci da muke ji a ƙwallo ta samo asali ne daga wani ƙauye a ƙasar Hungari mai suna Kocs, inda aka shahara da ƙera keken doki. A wajajen 1830 ɗaliban jami'ar Oxford suka ari sunan suna kiran malamin da ke shirya su wa jarrabawa da shi, wai shi ne keken da zai kai su. Daga nan ta shiga wasanni.

10/ A 1974 wani mai koyar da wasan tanis a Amurka, Timothy Gallwey, ya fitar da littafinsa The Inner Game of Tennis. Ya lura cewa idan ya cika wa ɗalibi kunne da "ɗaga hannu, lanƙwasa gwiwa, kalli nan", ɗalibin sai ya ƙara rikicewa. Idan kuma ya rage umarni ya sa shi ya lura da abin da jikinsa ke yi, sai ya gyara da kansa.

11/ Wannan tunanin ne John Whitmore, Baturen Ingila da ya taɓa zama ɗan tseren mota, ya ɗauka ya kai ofisoshi. Littafinsa Coaching for Performance ya fito a 1992, shi ya yaɗa tsarin da ake kira GROW. Tambayoyi huɗu ne kawai: Me kake so? Ina kake yanzu, tsakani da Allah? Waɗanne hanyoyi ne a gabanka? Wanne za ka ɗauka, kuma yaushe?

12/ A Amurka kuma akwai Thomas Leonard, mai ba mutane shawara kan tsara kuɗinsu, wanda ya ga masu zuwa wurinsa suna ƙarewa da zancen rayuwarsu gaba ɗaya. Ya kafa makarantar Coach U a 1992, sannan a 1995 ya kafa ƙungiyar ICF, wadda har yau ita ce mafi shahara a wannan fanni.

13/ Kun lura da wani abu? Duk mutanen da suka kafa wannan sana'ar a kan TAMBAYA suka gina ta. Kocin ya yi ƙasa da murya, kai ka yi magana. To ku gwada wannan da saƙon murya na minti 20 a guruf ɗin da aka kulle wa kowa baki.

14/ Yanzu ga abin da ya fi muhimmanci ku sani kafin ku tura ko sisi: babu lasisin zama kocin rayuwa. Likita a Najeriya sai ya yi rajista da hukumar MDCN, in ya yi ɓarna akwai inda za a kai ƙararsa, ana iya ƙwace lasisinsa. Lauya sai an kira shi Bar. Koci kuwa, ni yanzu in na ga dama zan canza bayanin shafina in rubuta "kocin rayuwa", babu wanda zai kama ni.

15/ Ba a nan kaɗai ba, har a Amurka da Ingila haka abin yake. Ita kanta ICF ƙungiya ce mai zaman kanta, ba hukumar gwamnati ba. Amma dai tana da ma'auni. Matakin farko, ACC, sai da awa 60 na horo da awa 100 na zama da mutane. Na biyu, PCC, awa 125 da awa 500. Na ƙoli, MCC, awa 200 da awa 2,500. Kuma ana iya duba sunan mutum a shafinsu a ga ko da gaske yana da shi.

16/ Ba ina cewa duk mai satifiket nagari ne ba, ko duk marar shi ɗan damfara ne. Amma wanda ya yi ajin kwana uku a intanet ya fito yana kiran kansa "ƙwararren koci na ƙasa da ƙasa", kuna da haƙƙin ku tambaye shi: wace ƙasa da wace ƙasa, malam?

17/ To yaya aka yi na haɗu da ta gaske? Bayan an koma makaranta na kwaso kariyoba biyu. Na shiga wani hali. Wata ƙawar yayata ce, ma'aikaciya, tana tara awanninta na ACC. A cikin awa 100 ɗin, 75 dole su zama na biya, ragowar za ta iya yi kyauta. Sai Yaya ta ce in gwada. Na ce mata ni na gama da 'yan koci. Ta ce ai ba kuɗinki, me za ki rasa?

18/ Kiran farko bai ma shiga lissafi ba. Minti 20 ta yi tana faɗa min abin da za ta yi da wanda ba za ta yi ba. Zama shida, duk bayan sati biyu, minti 45 a waya. Abin da na faɗa mata ba zai je kunnen Yaya ba, sai fa in ta ga rayuwata ko ta wani tana cikin haɗari. In na ji ba ya min amfani, in faɗa mu tsaya.

19/ Sai ta ƙara da wata magana da ta ba ni haushi a lokacin: "Ƙanwata, ba zan faɗa miki abin da za ki yi ba fa." A raina na ce to me amfaninki? A fili kuma na ce, "To Anti."

20/ Zama na farko ta ce me nake so mu yi aiki a kai. Na ce ina so in yi nasara a rayuwa. Ta ce, "In kin yi nasarar, me zan gani da idona wanda ba na gani yau?" Na yi ta kewaye-kewaye. Sai da muka ci rabin lokacin kafin babban burin nan ya sauko ya zama abu mai hannu da ƙafa: in cire kariyoba biyun nan a wannan shekarar ba tare da na jawo sabo ba.

21/ Ta ce me ke hana ni. Na ce lokaci, Anti, ba ni da lokaci. Lakca, sana'a, girki, hidimar mutane. Ba ta musa ba. Ta ce in ɗauki sati ɗaya in dinga rubuta abin da na yi a kowace awa, kada in gyara komai, in rubuta kawai. Aikin gida na farko kenan.

22/ Na zata waya ce za ta fito a matsayin ɓarauniya. Ta fito, amma ba ita ce babba ba. Abin da takardar ta nuna shi ne duk ranar da ake lakcar ɗaya daga cikin kwasa-kwasan da na faɗi, sai in samo wani uzuri. Yau kai wa kwastoma kaya, gobe raka ƙawa asibiti, jibi ciwon kai. Sati ɗaya, lakca biyu, ban shiga ko ɗaya ba. Wallahi ni kaina ban lura ba sai da na gani a rubuce.

23/ Da na karanta mata sai ta ce, "Me ke faruwa a wannan ajin?" Na ce ba komai. Ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo har na cire wayar daga kunne na duba ko sabis ne ya ɗauke. Tana nan. Jira take.

24/ Can sai na ji bakina yana cewa: kunya nake ji. Ajin cike yake da ƙannena, yaran da na yi wa jagora ranar da suka shigo makaranta, masu ce min Anti. Yaya zan zauna a bayansu su san na faɗi? Na fi wata shida ina ɗauke da wannan, ina kiransa rashin lokaci.

25/ Da Anti ce ta faɗa min haka a ranar farko, da na musa, har in ji haushinta. Da mutumin guruf ne, da ya ce in tashi ƙarfe biyar. Ni kuwa ko ƙarfe uku na tashi ba zan shiga wannan ajin ba, don ba barci ne ya hana ni ba.

26/ Ba ta ce min "ki daina jin kunya" ba. Tambaya ta ci gaba da yi: me zai sauƙaƙa shigar farko? Na lissafo hanyoyi, wasu ma na dariya, har da sa niƙabi. A ƙarshe na zaɓi in sami mutum ɗaya a cikin yaran, in faɗa mata da bakina kafin ta ji a gari, mu dinga shiga tare. Anti ta ce, "Yaushe?" Na ce cikin satin nan. Ta ce, "Wace rana?" Na ce Talata. Ta ce, "In turo miki saƙo Talata da yamma in ji?"

27/ Wannan "wace rana" ɗin, a ganina, ita ce rabin abin da ake biya. Duk mun san abin da ya kamata mu yi. Abin da ba mu da shi shi ne wanda zai dawo ranar Talata ya tambaya, ba tare da faɗa ba, ba tare da gori ba, kuma ba zai kai labarin gidan suna ba.

28/ Sakamako? Kar ku jira labarin fim. Na ci kwas ɗaya da kyau, ɗayan da ƙyar na tsallake. CGPA ɗina bai tashi sama ba, ban zama miloniya ba, har gobe ina makara. Akwai zama ɗaya ma, na huɗu, da na fito ina jin ɓata lokaci ne kawai. Amma kariyoba biyun sun tafi, kuma yanzu in na ji kaina ina cewa "ba ni da lokaci" nakan tsaya in bincika me nake gudu.

29/ Wani zai ce, to ai mu Hausawa muna da wannan tun da can. Muna da kaka, muna da goggo, muna da malamin islamiyya, yaron kasuwa yana da ubangidansa a Kwari ko Singa. Gaskiya ne, kuma ba zan musanya Goggona da koci goma ba. Wanda ya riga ka kwana dole ya riga ka tashi.

30/ Amma aikinsu daban ne. Ubangida ya bi hanyar, yana nuna maka inda rami yake. Goggo tana ba ki amsa, kuma tana da ra'ayi a kan amsar, domin ke tata ce. Ba zan iya ce wa Goggo ina jin kunyar ƙannena ba, za ta ce "ke dai Allah ya shirye ki, tashi ki tafi aji", kuma ta yi gaskiya, kuma ba zan je ba. Wani lokacin kana buƙatar wanda ba shi da riba ko asara a cikin zaɓinka.

31/ In sana'a kake so ka koya, ɗinki ko gyaran waya ko kasuwancin hatsi, ubangida kake nema, kada koci ya ci kuɗinka. Koci ba dole ya san fanninka ba. Anti ba ta san komai a kan kwas ɗina ba, ba ta kuma yi kamar ta sani ba.

32/ Yanzu ɓangaren da ya sa na kasa yin shiru. Wata da muka zauna ɗaki ɗaya, ba zan faɗi fiye da haka ba, kuma da izininta nake rubutawa. Ta daina barci, ta daina cin abinci, abin da take so da can duk ya fita ranta. Sai ka tarar da ita tana kuka, ka tambaya, ta ce ita ma ba ta san dalili ba.

33/ Ta shiga irin wancan ajin, har ta biya na zama ita da shi. Ta faɗa masa komai. Abin da ya ce mata: tunaninta ne ba shi da kyau, ta dinga tsayawa gaban madubi tana faɗa wa kanta kalmomi masu daɗi, ta rubuta abubuwa goma da take godiya a kansu. Ta yi. Bai yi aiki ba. Sai ya ce ba ta sa zuciyarta ba ne.

34/ Ku duba muguntar wannan tsarin. In ka samu sauƙi, shi ne gwani. In ba ka samu ba, kai ne malalaci. Yarinyar da ciwo ya riga ya sa tana ganin kanta ba ta da amfani, an ƙara mata hujja, kuma ita ta biya kuɗin. Watanni suka tafi a haka kafin wata innarta ta kai ta asibiti, likita ya ce ciwon damuwa ne, aka fara magani da zaman tattaunawa da ƙwararru. Alhamdulillah yanzu ta dawo makaranta.

35/ Ciwon damuwa ciwo ne kamar hawan jini. Koci ba likita ba ne, ba masanin halayyar ɗan'adam ba ne, ba a horar da shi ya gano cuta ko ya yi maganinta ba. Kocin kirki ya san iyakarsa, in ya ga alama zai tsaya ya tura ka inda ya dace. Anti ta faɗa min haka tun kiran farko, ban ma tambaya ba.

36/ In abin ya kai sati biyu kana cikin ƙunci kusan kullum, barci da ci sun rikice, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa maka, don Allah ka bar zancen koci. Ka faɗa wa wani babba da ka yarda da shi, ka je asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Kware da Maiduguri, manyan asibitocin koyarwa ma suna da sashen. Asibitin makarantarku ma mafari ne.

37/ Kuma zuwa can ba hauka ba ne. Ita kanta ƙasar ta sauya: a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958 da aka gada tun zamanin Turawa. Addu'a muna yi, magani ma muna nema, kamar yadda muke yi in zazzaɓi ya kama mu.

38/ Abu na gaba da ke ƙona min rai: "talauci a ƙwaƙwalwa yake". Malam, tun 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin mai kuɗin mota ya ninka, kwanon shinkafa ya ninka. Mafi ƙarancin albashi 70,000 ne a takarda, wasu ko shi ba sa samu. Mai digiri yana tuƙa adaidaita. Duk waɗannan tunaninsu ne ya lalace?

39/ Koci zai iya taimaka maka ka tsara ɗan abin da ke hannunka: lokacinka, ƙaramin jarinka, takardun neman aikin da kake ta ɗagawa. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ba zai ƙirƙiro guraben aiki ba, ba zai sauke farashi ba. Wanda ya karɓi 80,000 a hannun marar aiki, fiye da albashin wata guda, sannan ya ce masa laifinsa ne, ni ban san sunan da zan kira shi ba wanda ba zai sa a rufe min shafi ba.

40/ Sai kuma maganar "ka rabu da masu ja da kai baya". An kwaso ta ne daga inda yaro ke barin gida yana shekara 18 ya kama ɗakinsa, ya yanke wa kansa komai. Mu nan kwas ɗin da za ki karanta, garin da za ki yi bautar ƙasa, wanda za ki aura, duk akwai bakin Baba a ciki, akwai na Umma, wani lokacin har na Kawu.

41/ Kocin da bai fahimci wannan ba zai haɗa ki faɗa da gidanku ya koma ya kwanta. Na gaske zai tambaye ki: wa ya kamata ya ji wannan maganar, ta bakin wa za ta fi shiga, yaushe ne lokacin da ya dace? Ni a zama na biyar abin da muka yi kenan, yadda zan faɗa wa Baba zancen kariyoba. Ta bakin Yaya aka bi. Ya yi faɗa na kwana ɗaya, ya wuce.

42/ Kuma duk wanda ya fara raba ka da kowa, yana nuna maka shi kaɗai ya fahimce ka, ka ji tsoro. A Amurka ƙungiyar NXIVM da azuzuwan "gina kai" ta fara, mutane masu ilimi da kuɗi suka shiga. A 2020 kotu ta yanke wa shugabanta Keith Raniere ɗaurin shekara 120 kan laifuka da suka haɗa da safarar mata. Ba na ce kowane mai aji haka yake ba. Amma ƙofar shiga iri ɗaya ce.

43/ 'Yan mata musamman: koci ba ya kiran ki ƙarfe sha biyun dare. Ba ya neman hotonki. Ba ya cewa ku haɗu a ɗakin otal don "zama na musamman". Kin ba shi sirrinki, kin nuna masa inda kike da rauni, wannan amana ce mai nauyi. In ya fara sauya murya, ki adana saƙonnin, ki toshe shi, ki faɗa wa wani.

44/ To in kun ga talla kuma ranku ya biya, ku tura masa waɗannan kafin alat ya fita. A ina ka yi horo, awa nawa? Zama nawa za mu yi, minti nawa, nawa ne jimilla, akwai wani aji a gaba da za a ce sai na biya? Ni da kai ne ko mu ɗari biyu? Wa zai ji abin da na faɗa maka? Wace irin matsala ce ba ka karɓa? In na fasa a tsakiya, kuɗina fa?

45/ Ta biyar ɗin ce ta fi tona asiri. Wanda ya ce yana gyara aure, yana maganin damuwa, yana koyar da kirifto, yana nemo aiki a Kanada, duk shi kaɗai, to kun ji amsa. Kuma ku nemi gajeren kira na farko kyauta, masu yin abin da gaske da yawa suna bayarwa. A kiran ku lura wa ya fi yin magana, ku ko shi.

46/ Su ma hotunan shaidar da suke sawa, "Koci ka canza min rayuwa 😭🙏", ku daina ruɗuwa. Ni ma na tura irinsa a rana ta biyu, lokacin jinina na kan wuta. Ban yi mamaki ba in har yau yana yawo da shi a talla.

47/ In babu kuɗi, kuma mafi yawanmu babu, akwai hanya. Jami'o'i da yawa suna da ofishin ba ɗalibai shawara wanda ba ma leƙawa, kyauta ne. Akwai masu tara awanni irin Anti. Ko ku haɗu ku biyu da wanda kuka yarda da shi, duk Juma'a minti 30, kowa ya yi wa ɗan'uwansa tambayoyi huɗun nan na sama, ya riƙe bakinsa daga ba da shawara. Riƙe bakin ne mai wuya, na gwada da ƙawata, minti uku na yi na fara wa'azi. 😂

48/ Ba zai kai na wanda aka horar ba, ban ce zai kai ba. Amma ya fi saƙon murya na dubu 15, kuma aƙalla ita ta san sunanka.

49/ Ku ukun da kuka turo min tallan: ban ce kar ku biya ba, kuɗinku ne. Ku tura masa tambayoyin lamba 44, ku turo min amsarsa in gani, in ma ya amsa. Masu tambayar lambar Anti kuma ku yi haƙuri, ta cika awanninta, yanzu kuɗi take karɓa, kuma ban nemi izininta ba.

50/ Ni na tafi. Babi na uku na furojet yana jirana, malam ya ce Litinin, kuma na lura tun la'asar nake wannan zaren maimakon in buɗe shi.